Gilashin Hassana

Masu karatuna, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in ba na son Ousmane in turo mata lambarsa. Allah ya ba ki naki, ƴar'uwa, wannan ɗin ni ma ban san ko nawa ba ne.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Iklima, ina zaune a gidanmu na Lazaret tare da Innata tun bara, da mijina Nassirou ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Dogondoutchi. Na fita takaba da daɗewa. Akwai mai nemana, shi ne Ousmane ɗin, kuma ran Lahadin nan manyansa za su zo wajen Kawuna su ji amsa. Amsar ce ba ni da ita.

Kada ku ɗauka ƙin sa nake. Ousmane mutum ne har da rabi. Ɗan Damagaram ne, ma'aikacin gwamnati, yana da gidansa a Koira Kano. Duk Juma'a bayan la'asar yakan zo cikin shadda mai guga, da ƙunshin kilishi a hannu, ya zauna kan kujerar roba a gindin dogon yaron tsakar gidanmu. Ya gaida Inna, ya gaishe ni, ya tambayi aiki, in ce lafiya. In na yi shiru shi ma ya yi shiru, ba ya cika ni da surutu. Babu wanda ya tilasta ni, sai dai idon Inna da ke bi na daga ɗaki zuwa kicin, da wayar Kawu da ba ta ƙarewa sai da "to, ya ake ciki?"

Abin da ke akwai shi ne ba na jin komai. In an ce ci, in ci. In an ce tashi ki yi wanka, in tashi. Ko ranar rasuwar ban yi kuka ba, har mata suna yaba min tawakkali. An binne Nassirou can inda abin ya faru, kafin ma labari ya gama isowa Yamai, don haka ban ga gawa ba. Na ce to a kai ni in ga motar. Inna da Kawu suka ce ta ƙone ƙurmus, babu abin gani. Mutum ya fita da safe da kofin shayinsa a hannu, da yamma aka kawo min magana a maimakonsa. Har yau in na ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai na ɗaga kai.

Sana'ar Nassirou shigo da motoci ce daga Kwatano. Shekarar da muka yi aure ya kawo wasu ƙanana guda biyu iri ɗaya, ruwan toka, irin da ba a cika gani a garin nan ba. Ya riƙe ɗaya, ya ba ni ɗaya. Ƴan unguwa suka sa musu Hassana da Usaina. Tasa ce Hassana. A cikin Usaina ya koya min tuƙi, yana zaune a kujerar gaba yana taka birkin da babu shi a gefensa, yana salati. Tun da ya rasu jakata nake ajiyewa a kan kujerar nan, kuma ban taɓa ɗauke ta don wani ya zauna ba.

To, kwanakin baya na tsaya a bakin kasuwar Lazaret sayen tattasai. Wani amalanken jaki ɗauke da rodi ya zo juyawa, bakin rodin ya taɓa gilashin ƙofar baya ta hagu. Taɓawa kawai. Wanda bai sani ba ya sani yau: gilashin gefe ba irin na gaba ba ne. Na gaba in dutse ya same shi tsagewa yake yi ya tsaya a wurinsa. Na gefe kuwa lokaci guda yake zubewa, ƙanana-ƙanana kamar ɗanyen gishiri. Mai amalanken, wani dattijo, ya sauko hula a hannu yana ba ni haƙuri da Zabarmanci da Hausa a haɗe. Mutane suka taru suna jiran rigima. Na ce masa ba komai, ya tafi. Na biya kuɗin tattasaina, na share kujerar baya da gefen mayafi, na dawo gida.

Leda na samu na manne wurin da sikoci. Haka na riƙa zuwa buro, ofishinmu da ke Gaweye, ina dawowa, ledar tana fat-fat-fat a bayana duk tsawon gudron, wato kwalta. Ni dai ba ta dame ni ba. Inna ta dama.

"Iklima, mi ag ga haka? Mota da leda kamar ta masu kai kifi kasuwa. Mutane za su zo neman aurenki su iske wannan a ƙofar gida?"

"Inna, ai ba motar za su aura ba."

"Ke dai baki gare ki, zuciya ce babu."

Ban musa mata ba, don ni ma abin da nake gani ke nan.

Juma'ar da ta biyo Ousmane ya ga ledar. Sai da zai tafi ya zagaya motar, ya sa yatsa a bakin ƙofar, ya ce in bar masa wannan. Daga ranar salulata ba ta huta ba. Wasu samarin hoton fure suke turowa, nawa ga irin nasa:

"Barka da asuba. Ƙofar hagu ce ko dama? Mai kaya ya ce ba ɗaya ba ne, kowanne da lanƙwasarsa."

"Hagu."

"Dakor. Ki ɗaukar min hoton kusurwar gilashin dama, inda tambari yake. Da shi za a gane shekarar motar."

Na ɗauka na tura.

"Madalla. Naki yana da ɗan kore-kore in rana ta haska. Kada a sa miki fari, ƙofa ɗaya ta fita daban. Kin karya?"

"Eh."

Ban karya ba, amma ya fi sauƙin rubutawa.

Sabo dai bai samu ba. Ya bi shagunan kayan mota na garin nan kaf, kowa ya ga hoton sai ya girgiza kai. Wata yamma ya rubuto: "Motar nan taki ba ta da dangi a Yamai." Na daɗe ina kallon saƙon. Na so in ce ta taɓa yin ƴar'uwa, sai na ga doguwar magana ce, na tura masa hoton babban yatsa.

Shekaranjiya Alhamis ya kira, muryarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce an dace. Wani mai kasse can bayan gari, inda ake tara matattun motoci ana sayar da sassansu, ya ce yana da irin motar. Ya ciro gilashin, ya naɗe a kwali ya aiko wa Ousmane har buro. Ousmane ya ce gobe da safe mu kai wa Malam Alu mai gilashi ya ɗaura.

Jiya da safe na saka abayata ruwan toka, wadda kusan kullum ita ce. Inna ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce wallahi ba zan fita haka ba. Ta buɗe akwati ta ciro atamfa mai ruwan goro da ganye-ganye shuɗi, ɗinkin da ban taɓa sawa ba, da mayafi mai duwatsu a baki. Ta shafa min humra a wuya da hannunta, ta ja baya tana duba ni.

"Yauwa. Yanzu kinka fito ɗiyar mutane."

Na duba madubi na ga wata mata ta yi kyau. Na ce mata sannu a raina.

Ousmane ya zo a takisi, rungume da kwalin kamar jariri. Ya buɗe ƙofar gaba ta Usaina, ya ga jakata a kan kujera. Ya dube ni. Ban ɗauke ba. Sai ya rufe a hankali, ya koma baya ya zauna kusa da ledar, kwalin a kan cinyarsa. Duk hanya ledar tana marin kafaɗar shaddarsa. Na gani ta madubi, na san ya kamata in ji kunya, amma ban same ta ba.

Rumfar Malam Alu tana wani lungu ba nisa da gadar Kennedy, gilasai jingine jere a bango kamar allunan makaranta. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Ya ba ni benci, ya ɓare ledar, ya kwance rufin ƙofar ta ciki gaba ɗaya. Na ɗauka zura sabon kawai za a yi. Sai ga shi ya sa hannu cikin ƙofar yana kwaso tsakuwar gilashi cike da tafi, yana zubawa a tsohon gwangwanin madara.

"Madam, kin ga wannan? Rabin wanda ya fashe a ciki yake kwana. In an ɗaura sabo a kansa, kullum kina tafiya yana miki caki, ya ci roba, ya karce sabon, ƙarshe ya kashe injin ɗagawa. Sai an fidda na da tukuna."

Ousmane yana tsaye yana gyaɗa kai kamar za a yi masa jarrabawa. Ni ina kallon gwangwanin yana cika.

Da ya gama shara ya warware kwalin, ya ɗaga gilashin ga rana, ya duba gefunansa ko akwai ɓantara, ya gwada tambarin da na dama. Ya ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zura shi a karkace, ya daidaita, ya ɗaure, ya danna maɓalli. Gilashin ya hau ya sauka ba ko ƙara.

"Alhamdu lillahi," in ji Ousmane. "Saura mu biya wajen mai zane ya sa lamba."

Kun san yadda ake yi a nan. Saboda ɓarayin kayan mota, in ka sayi mota sai ka kai wa masu zane su karta lambarta a kusurwar kowane gilashi da madubi, don ko an sace a rasa inda za a sayar.

Malam Alu yana goge hannu ya ce, "Ai an riga an sa."

"Kai ka sa?"

"Ni? Ni ba na zane. Na ɗauka kai ka biya da shi tun jiya."

"Ban ko buɗe kwalin ba."

Malam Alu ya duƙa ya duba kusurwar, ya zagaya bayan motar ya duba lambar, ya dawo. "To ikon Allah. Ga ta nan dai, lambar madam ce, ba ko kuskure."

Na tashi daga bencin. Ƙafafuna ne suka kai ni, ba ni na aike su ba. Na duƙa. Lambar Usaina ce, tawa. Amma ba sabon zane ba ne, jar ƙasa ta zauna a cikin layukan. Kuma bakwai ɗin da ke ƙarshe wutsiyarta ta karkace, kamar hannun mai zanen ya zame.

Na san ranar da hannun ya zame. Ina wurin.

Satin da motocin suka iso, ni da Nassirou muka kai su wajen mai zane tare, muka jera su gefe da gefe a bakin hanya. Mutumin ya gama tawa tsaf, ya juya kan Hassana, lambata tana nan a kansa. Sai da ya karta ta a gilasan baya duka biyu, yana kan bakwai ta ƙarshe, Nassirou ya leƙo ya ce, "Malam, tawa kake aurar wa madam?" Mutumin ya zabura, allurar ta zame. Ya shiga rantsuwa yana cewa motocin ne suka ruɗe shi, zai goge ya sake. Nassirou yana dariya har da riƙe ciki ya ce a bar shi haka. Ya ce da ni, "Kin ga shi ke nan. Duk ranar da gilashina ya ɓata, wajenki za a kawo shi."

Na sa yatsa a kan bakwai ɗin. Gilashin da ɗumi, rana ta fara dukansa.

"Iklima?" Ousmane ne a bayana. "Lafiya?"

"Na Hassana ne."

"Wace Hassana?"

"Motar Nassirou."

Na gaya masa labarin mai zanen a taƙaice, da muryar da nake karanta takardun buro. Ina magana fuskarsa tana sauyawa. Malam Alu ya ce inna lillahi a hankali, ya ɗauki gwangwaninsa ya shige cikin rumfa.

"Amma an ce min ta ƙone," in ji Ousmane.

"Ni ma haka aka ce min."

Gilashin da bakin rodi ya zubar da ɗan'uwansa da taɓawa ɗaya, shi ne zai shiga wuta ya fito ba ko tabo? Ba sai an yi karatu ba.

Ousmane ya cire hularsa ya mayar. "Wallahi ban sani ba. Da na sani..." Ya tsaya. "In sa a cire? Yanzun nan sai ya cire, in nemo wani ko daga Kwatano ne."

Na duba shi sosai, watakila karo na farko. Gumi ya jiƙa wuyan shaddarsa, kafaɗarsa ɗaya duk ƙurar leda. Mutum ya yi sati yana yawon gari don ya faranta wa mace, ya ƙare da kawo mata mijinta a kwali.

"Bar shi," na ce.

Ya sallami Malam Alu, wanda ya leƙo ya ce kada in sauke gilashin yau, in bari roba ta kama shi. Ousmane ya ce in wuce gida, shi akwai inda za shi. Ya tare takisi ya tafi, bai jira na tambaye shi ina ba.

Na tuƙo ni kaɗai. Babu fat-fat ɗin leda, motar ta yi tsit, har ina jin numfashina. A kowace danja sai na waiga.

Na iske Inna a tsakar gida tana tsinke zogale za ta yi kopto, rediyo na gefenta. Ta ɗago da murmushi, ta leƙa bayana ko tare muke da Ousmane.

"An gyara?"

"An gyara. Inna, kun ce motar Nassirou ta ƙone."

Hannunta ya tsaya a cikin tire.

"Gilashinta na ƙofar gida. In kina so ki je ki gani."

Ta kashe rediyon. Tana kallon zogalen ta ce, "Kawunki ya je ya gane ta da idonsa. Ya ce gabanta ya shige ciki, ba abin da mace za ta kalla ba ne. Ke kuma kin kafe sai an kai ki. Munka ce in anka ce miki ta ƙone, za ki dangana." Ta ture tiren gefe. "Don ke munka yi, ɗiyata."

"Na sani."

"Ki yi min faɗa mana. Ki yi kuka. Ki yi wani abu."

Na tsaya na nemi faɗan, na nemi kukan, kamar mai laluben ashana a ɗakin da ba nata ba. Ban samu ba. Na ce mata zan shiga in cire kayan nan, zafi suke min.

Ana kiran magariba saƙon Ousmane ya shigo. Ina zaune a bakin gado da ɗaurin ƙirji, atamfar tana yashe a ƙasa.

"Na je kassen. Na gan ta. Gaban ya lalace sosai, ba zan ɓoye miki ba. Bayan yana nan lafiya. Akwai carbi a maƙale a madubin ciki, ban taɓa ba."

Carbin baƙi ne mai tuntu kore. Ni na rataya shi.

Wani saƙon ya biyo: "Mai wurin ya ce gobe da hantsi za su yanka ta, an sayar da ƙarfen. Na roƙe shi ya jira azahar. In kina son ganinta zan raka ki. In ba kya so, ba zan sake tada maganar ba."

Sai na uku, bayan ya yi ta rubutawa yana gogewa: "Maganar Lahadi kuma, kada ki haɗa ta da wannan. In kin gan ta kika ji ba za ki iya ba, ni zan gaya wa manyana da bakina. Ba za a ce ke ce ba."

Inna ta ɗaga labule, carbinta a hannu, idonta ja. "Kawunki ya kira. Mi za ni ce mishi game da jibi?"

"Ki ce ya jira in dawo."

"Daga ina?"

"Za ni jana'izar mijina, Inna. An yi ba ni."

Ta saki labulen. Na rubuta wa Ousmane: "Ka zo da safe. Ni zan tuƙa."

Yanzu da nake rubuta muku wannan ina cikin Usaina a ƙofar gida, na kunna ta tun ɗazu. Abayar ruwan tokar na saka, Inna kuwa sai ma ta miƙo min gorar ruwa ta taga. Takisi ya sauke Ousmane a bakin layi. Ga shi nan tafe, yau ba shadda, wata tsohuwar riga ce da takalmin shiga ƙarafa. Ya iso, ya yi sallama, na amsa.

Bai buɗe kowace ƙofa ba. Yana tsaye yana jira, idonsa a ƙasa. In ya zauna baya, kusa da gilashin Nassirou zai zauna. In gaba ne, sai na ɗauke jakata.

Hannuna na kan jakar. Tsoro nake ji, masu karatu, tsoro sosai. Tun bara ban ji wani abu ya kama ni haka ba, kuma ban san ko in gode wa Allah ba ne ko in kashe motar in koma ɗaki.

Ya ɗago kai ya ce, "Ina zan zauna?"